Bakuna Bakwai

Ƙarfe tara na dare a Duluth.
Tanda ta huce, an share fulawa daga tebur,
dusar ƙanƙara tana lasar gilashin ƙofa.
Ni kaɗai, da shayin da ya yi sanyi,
da takardu uku daga kamfanonin inshora,
kowace da hoton mace mai murmushi
wadda haƙoranta ba su taɓa sanin tsami ba.

Bakuna bakwai ke aiki a gidan burodin nan,
na kuwa san su fiye da littafin lissafina.

Wendell, mai kwaɓi tun ukun dare,
shekara goma sha ɗaya yana dariya a bayan tafin hannunsa.
Ya daina cin ɓawon burodin da shi ya gasa,
tsakiyar yake tsomawa a madara, kamar yaron goye.
Takardar farko ta ce dala ashirin da biyu a wata, kowane kai.
Har na ɗauki biro.
Sai can ƙasa, cikin rubutu ƙanana kamar ƙwayar riɗi:
babban gyara sai bayan wata goma sha biyu.
To wa zai je ya ce wa haƙorin Wendell
ya yi haƙuri sai baɗi?

Ta biyu ta san da yara.
Yesenia mai karɓar kuɗi tana da 'ya, Itzel,
haƙoranta na gaba sun hau juna
kamar fasinjoji a ƙofar bas.
Za su biya rabin kuɗin wayar daidaitawa, madalla,
amma wurin likitocinsu kawai.
Na bi jerin da yatsa.
Mafi kusa, tafiyar awa guda da rabi,
motar Yesenia kuwa, in sanyi ya kankama,
sai an lallashe ta take tashi.

Ta uku ba ta da kunya: dala arba'in da ɗaya.
Babu jira, likitan bayan layinmu yana ciki,
sai dai ta yi wa kowa rufi,
dubu ɗaya da ɗari biyar a shekara, daga nan kowa tasa ta fisshe shi.
Na ninka sau bakwai, na ninka sau sha biyu,
sai ga kuɗin sabon injin kwaɓi
da nake tarawa tun bara.
Tsohon yana can a kusurwa, ya yi shiru kamar yana ji.

Arvid direba ya ce mini da rana,
"Ni ina ruwana, Lorraine? Nawa a kofi suke kwana."
Na ce dillaliyar ta ce sai yawancinmu sun shiga.
Ya goge hannu a wando. "Kawo in sa hannu,
ai ba don ni ba."

Ubana lodin tama yake yi a jiragen tafkin nan.
Ina shekara tara na riƙe masa tocila a gareji,
shi da filaya, da madubin mota.
Bai yi kuka ba. Ni ma ban yi ba,
hasken ne dai yake ta rawa a bango.
Washegari ya tafi aiki da auduga a kunci.

Ban san lokacin da barci ya sace ni ba.
Ƙarar mabuɗi ce ta tashe ni, da iska mai yanka.
Wendell ya kakkaɓe hularsa,
ya dubi takardar da ta manne mini a kumatu.
Na ɓamɓare ta. Ta ukun ce.

Na ce, "Ɗaya ga wata za ta fara.
Ka zaɓi ranar da za ka je, Deshawn zai riƙe maka kwaɓi."

Hannunsa ya tashi zuwa baki, kamar kullum.
Sannan ya juya ya kunna tsohon injin,
ya ɗan dake shi a gefe
kafin ya yarda ya juya.